Kafin Yaro Ya Zaɓi Aji, Ya Zauna da Mai Sana'a

Idan ka tambayi 'yan aji uku na ƙaramar sakandare abin da suke so su zama, amsa uku za ka fi ji: likita, lauya, injiniya. Ba sanin ayyukan suka yi ba, su ne dai sunayen da ake yawan ambata da girmamawa a gida. Tun da aka damƙa mini sashen ba da shawara a makarantarmu nake gayyato ma'aikata su zauna da yara, kuma zaman ya koya mini abubuwa.

Na farko, lokaci. Makarantu da yawa sai ɗalibai sun kusa fita ake shirya musu irin wannan taro, alhali an riga an yanke hukunci tun ranar da aka raba su zuwa ajin kimiyya, na adabi da na kasuwanci. A jarrabawar JAMB darussa huɗu ake rubutawa. Mai neman likitanci sai da Turanci, Fiziks, Kemistri da Bayoloji, mai neman aikin lauya kuma yana bukatar Adabin Turanci. Yarinyar da sha'awar haɗa magunguna ta kama a ajin ƙarshe, bayan ta rabu da Kemistri tuntuni, ba abin da baƙo zai ƙara mata sai takaici.

Na biyu, tsawon hanya. Yara kan yi shiru idan likita ta lissafa musu shekara 6 a jami'a, shekara 1 ta horo a asibiti, sannan bautar ƙasa, duk kafin a fara maganar ƙwarewa a wani fanni. Lauya ma bayan shekara 5 sai ya wuce makarantar horar da lauyoyi, kamar reshenta na Bagauda, kafin a ba shi izinin tsayawa a kotu. Ɗan da iyayensa ke jira ya kama musu ɗawainiyar ƙanne yana da haƙƙin sanin wannan lissafi tun da wuri.

Na uku, wanda ya fi kowanne: tambayar da ake yi. In an bar yara, abin da ke fara fitowa bakinsu shi ne, "Yallaɓai, nawa ne albashi?" Yanzu nakan sa su shirya wasu tambayoyin. Ƙarfe nawa ake fita, ƙarfe nawa ake dawowa? Wane ɓangare na aikin ya fi gajiyarwa? Da za a koma baya, shi za a sake zaɓa? A nan ne ma'aikaciyar jinya ke ba da labarin kwanan asibiti ranar Sallah, lauya kuma ya bayyana cewa karatu da rubuta takardu sun fi muhawara a gaban alƙali yawa, ga ɗage shari'a. Wasu yaran su janye, wasu kuma sha'awarsu ta ƙaru. Kowanne ya amfana.

Na huɗu, wa ake gayyata. Asibiti ba likita kaɗai ke riƙe da shi ba: akwai mai gwajin jini, mai ɗaukar hoto, mai gashin ƙashi, ungozoma. A kira malamin gona, mai haɗa sola, tela, mai gyaran waya daga Farm Centre, ɗan kasuwar Kantin Kwari. A tabbata akwai mata, domin 'yan mata sukan tambayi Anti yadda take haɗa aiki da gida, abin da ba za su taɓa tambayar namiji ba.

Daga ƙarshe, gani ya kori ji. Shirin SIWES da hukumar ITF ta fara a 1973 yana kai ɗalibai wuraren aiki, amma sai sun shiga babbar makaranta, bayan zaɓi ya wuce. Yini guda a gareji ko ɗakin gwaji lokacin hutu, da yardar iyaye, ya fi dogon jawabi a ɗakin taro. Sai dai kada yaro ya tsaya kan mutum ɗaya. Akwai ma'aikacin da aiki ya gundura, akwai mai zuzuta nasa. Ya ji daga biyu ko uku, ya shawarci iyayensa, ya yi istihara, sannan ya cike takardar zaɓin aji.