Man Bilicin da Kasuwar Tsoron Raini

Shekaru sun koya mini cewa gwanin talla ba ya ɓata lokaci wajen yabon hajarsa. Yana laluben inda mutum yake jin bai kai ba ne, ya danna wurin. Ban ga inda wannan ya fito fili kamar kasuwar man bilicin ba. A 1975 kamfanin Hindustan Lever ya fito da Fair & Lovely a Indiya, kuma shekara da shekaru labari ɗaya tallarsa take maimaitawa: budurwa baƙa ta nemi aiki ko aure an juya mata baya, ta shafa mai ta yi haske, sai ga aiki, sai ga manema. Abin da ke cikin man ba shi ne zancen ba, shiga sahun waɗanda ake girmamawa ake sayar mata. Sai a 2014 majalisar da ke sa ido kan talla a can ta hana nuna baƙar fata a matsayin naƙasu, a 2020 kuma aka sauya wa man suna zuwa Glow & Lovely. Masu haɗin mai namu na Instagram da TikTok wannan karatun suka haddace: hoton da, hoton yanzu, da alkawarin fatar matan manya.

Za a ce ai mai talla bai ƙirƙiro son farar fata ba, tun kafin talabijin Bahaushe yake cewa fara ko mayya ce. Gaskiya ne. Amma maganar da ake yi cikin raha a zaure daban take da wadda aka zuba wa jari, ana cusa ta a idon yarinya safe da yamma har ta fara kallon fatarta a matsayin matsalar da kuɗi ke warwarewa. Ɗan kasuwar nan kuwa ba ya fatan ta natsu, domin ranar da ta gamsu da kanta ya yi asarar mai saye. Shi kansa man yana taya shi, da ta daina shafawa launin zai dawo, sau da yawa ma ya fi na da duhu.

Wasu kuma sukan ce baliga ce, kuɗinta ne, jikinta ne. Da na yarda da su da a ce ana gaya mata abin da ta saya. Yawancin haɗin nan ba rubutu a jikin robarsa, alhali a ciki akan samu hydroquinone da steroid, wani lokaci har da makuri mai lalata ƙoda. Fata takan yi laushin da rauni ba ya saurin warkewa, gaɓoɓin yatsu su yi baƙi ƙirin. Gana ta haramta hydroquinone a kayan shafa a 2016, hukumar NAFDAC ta Najeriya ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023, amma har yanzu ana haɗa wa amarya nata makonni kafin biki, kuma sau da yawa dangi ne ke biya.