Ƙaramin Makirfo da Amanar Muryar Mawaƙi

Da yawa daga cikinku sun lura cewa a bukukuwan bana, mu da aka ɗora wa aikin naɗar wasan makaɗa mun daina ɗaga wayoyi sama a tsakiyar fili. Har wasu na tambaya ko mun ajiye aikin ne. Aiki yana nan daram, kayan aikin muka sauya, kuma ya kamata mu faɗi dalili tunda kuɗin sayensu daga aljihun jama'a ya fito.

Mu mazauna kudu, ko Agege ne, ko Mile 12, ko Sabo ta Ibadan da ta Shagamu, ba kullum muke samun makaɗi daga gida ba. Sai da Sallah, ko naɗin sarauta, ko in wani babban ɗan kasuwa zai aurar da 'ya, sannan a ɗauko mai kalangu ko mai kukuma daga Arewa. Ya kwana biyu ya koma. Abin da ya rera a daren nan kuwa ba zai sake rera shi haka ba, domin mawaƙin baka fuskokin da ke gabansa yake kallo yana ɗinka waƙarsa. Ya kira sunan sarkin pawa, ya tuno kakan ango da garin da ya baro, ya zolayi direban da ya ƙi yin liƙi. In ba a naɗa ba, ta tafi ke nan.

Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Mamman Shata a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗan Maraya Jos a 2015. Wani ɓangare na abin da muke saurara nasu a yau, wani bawan Allah ne ya ajiye rikodarsa a gefen fili ya danna. Sai dai kowa ya san takaicin irin waɗannan kasa-kasan: ka kasa kunne kana neman kalma ɗaya, ƙarar iska da hayaniya sun cinye ta. Ba ma so jikokinmu su gaji irin wannan takaicin daga hannunmu.

Wayar hannu ba ta isa wannan aikin ba. An ƙera makirfonta ne don maganar mutum ɗaya a kusa da baki. Ita take rage wa kanta ƙarfin ɗauka ta kuma ƙara, don haka da kalangu ya buga sai ta danne komai har da muryar mawaƙi, da an ɗan yi shiru kuma sai ta jawo kukan janareta. In aka matsa kusa da lasifika, sautin ya fi ƙarfinta, sai ya fito a farfashe, kuma abin da ya fashe wajen ɗauka ba ya gyaruwa. Daga nan a yi ta turawa a WhatsApp daga wannan waya zuwa waccan, ɗan abin da ya rage ma ya ƙara lalacewa.

Abin da muka saya shi ne ƙananan makirfo guda biyu, kowanne bai wuce ƙwayar gyaɗa ba, ana maƙala su a wuyan riga ko gefen hula, ɗaya dama ɗaya hagu, yadda kunnuwa suke. Igiyarsu tana shiga wata 'yar rikoda ta aljihu, irin su Zoom H1n ko Tascam DR-05. Makirfon iri biyu ne. Akwai mai ɗauka daga ko'ina, wanda ke kawo kiɗan da 'yan amshi da guɗar mata gaba ɗaya, kamar kana wurin. Akwai kuma mai fuskantar gaba, wanda ya fi dacewa da wurin da surutu ya yi yawa. A fili mai lasifika mun fi jin daɗin na biyun, a tsakar gida wurin kiɗan ƙwarya kuwa na farkon.

Ƙarfin ɗaukar da hannu muke saita shi tun makaɗa suna gwaji, mu bar masa sarari yadda ko an buga ganga da ƙarfi ba zai kai ƙarshe ba. Muna ajiye sautin a tsarin WAV, wanda awa ɗaya kan ci kusan giga ɗaya, sai daga baya mu fitar da MP3 don rabawa. Soson nan na kan makirfo ba ado ba ne, shi ke tare iskar fanka da ta waje. Wurin tsayawa ma rabin aikin ne: tsakiyar fili, nesa kaɗan da lasifika, nesa sosai da janareta.

Abu biyu ne takardar da ke cikin kwali ba ta faɗa ba. Shadda mai sitaci abokiyar gabar makirfo ce, motsi kaɗan sai ka ji kamar ana murza leda, don haka mai ɗauka yadi mai laushi yake sawa. Sannan dole ya kame bakinsa, abin da ke da wuya ga Bahaushe a wurin biki. Shi ya sa muke tura shi ya gama gaishe-gaishensa tun da wuri. In kun yi masa magana ya ɗaga hannu kawai, ba girman kai ba ne, aiki yake.

Amfanin ƙanƙantar na'urar shi ne ba ta dagula wasa. Mawaƙi yakan canza in an cusa masa ƙarfe a fuska, iyayenmu mata kuma sukan noƙe da zarar sun ga ana ɗaukar hoto. Wannan kuwa ba ya tare wa kowa gani, ba ya ɗaukar fuskar kowa.

To amma abin da ba a gani yana da sauƙin cin amana da shi, kuma nan ne muka fi daɗewa muna shawara. Muryar mawaƙi ita ce gonarsa. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta ba mai wasa ikon hana naɗar wasansa ba da izininsa ba, kuma tun kafin doka, tarbiyyarmu ta hana. Saboda haka kafin a fara, mukan je wurin mawaƙi da mai biki mu nuna musu na'urar mu faɗi niyyarmu. In sun ƙi, sai mu mayar da ita aljihu. In sun yarda, mawaƙi ne ke fara karɓar kwafi. Ba ma sayarwa, ba ma ɗorawa a Facebook ko TikTok sai da amincewarsa. Hirar mutane da ta faɗo ciki ba da saninsu ba kuma, gogewa muke yi.

Roƙonmu ga 'yan uwa: duk mai tsohon kaset na wasan da aka yi a unguwanninmu, ya kawo shi taro na gaba. Za mu juye shi a kwamfuta mu mayar masa da kayansa, kafin raɓar damina ta ƙarasa cinye zaren.