Wasiƙa zuwa ga ƙanena kan wani tsohon fim na Italiya

Fagge, Kano

Ƙanena,

 

Na karanta labarin fim ɗin da ka aiko. Ka ce za ka cire aljanar da ke taimakon ɗan dakon Kantin Kwari don kada a ce ka yi tatsuniya. Kada ka taɓa ta sai ka nemi Miracolo a Milano ka kalla, wanda Vittorio De Sica ya fitar a 1951, shi da marubucinsa Cesare Zavattini.

Wata tsohuwa ce ta tsinci jariri cikin kabeji, ana kiransa Toto. Da ya girma sai ya haɗa kan marasa galihu suka kafa bukkoki a bayan birnin Milan. Kwatsam man fetur ya ɓulɓulo a filin, attajiri Mobbi ya turo 'yan sanda. Tsohuwar, wadda ta riga ta rasu, ta sauko masa da kurciya mai biyan buƙata. Ka lura da abin da talakawan suka roƙa: wannan rigar sanyi ta masu kuɗi, wancan rediyo, wasu kuma suna gasar ambaton miliyoyi. Wurin da ya fi taɓa ni shi ne inda sanyi ya ishe su, rana ta ɗan leƙo a wuri guda, suka ruga suka cunkushe a cikin hasken suna tsalle. Duk wanda ya ga masu kwana a rumfunan kasuwar Sabon Gari da hunturu ya san wannan.

A ƙarshe suka hau tsintsiyar masu shara suka tashi sama. Nan masu sharhi a Italiya suka yi wa fim ɗin caa. 'Yan gurguzu suka ce ya gudu daga gwagwarmaya, 'yan mazan jiya suka ce ƙanshin gurguzu yake yi. Amma a shekarar ya raba babbar lambar bikin Cannes da wani fim na Suwidin.

Ni dai a ganina 'yan gurguzun ba su fahimce shi ba. Wanda sai ya tashi sama zai tsira, ai an gaya maka ƙasa ta ƙi shi. Mu da muka tashi da Ruwan Bagaja da finafinan Indiya a Plaza, aljani bai taɓa hana mu gane gaskiya ba.

Ka bar aljanarka, amma kada ta mai da ɗan dakon attajiri. Ka gaishe da Inna da yara.

Naka,
Yayanka