Kowace Fata da Kekenta

A Kwanar Dangora, inda hanyar Tudun Wada da Doguwa ta rabu da ta Zariya, matasan da suka koyi dukanci sukan tambayi wane keken ɗinki ya kamata su saya. A ganina, fatar da ke hannun mutum ita ce za ta ba shi amsa.

Fatar akuya da aka jeme da bagaruwa tana da laushi. Keken masana'anta irin na teloli, kamar Juki, da allura lamba 18, ya isa a ɗinka alabe ko ƙaramar jaka. Ƙirgi kuwa, na ɗamara da takalmi, sai keken da ƙafarsa ke takawa tare da allura, yana jan sama da ƙasa lokaci guda. In aka matsa wa ƙaramin keke, sai zare ya tsinke, allura ta karye, ɗinki ya yi ta tsallake. Ga shi fata ba ta mantuwa, duk hudar da allura ta yi ta zauna ke nan.

Shi ya sa nake son mai saye ya bi ta kasuwar Ƙofar Wambai ya samo guntayen fata masu kauri daban-daban, ya ninka su, a ɗinka su a gabansa da keken da yake son saya, ya juya ya duba bayan ɗinkin. Ya tambayi kayan gyara, ya kuma tuna halin wutar lantarkin garinsu. Jarin talaka da wuya yake taruwa, bai kamata a zuba shi cikin gaggawa ba.