Damagaram: a leƙa Birni kafin a hau mota

Ƴan uwana mata, da yawanmu in mun je Damagaram sarin kaya, daga tasha sai kasuwar Dole, daga Dole sai mota. Wannan karon da ƙungiya ta aike mu sarin atamfa da turare, mun ware yamma guda mun shiga Birni.

Tsohuwar unguwa ce, lungu kan lungu tsakanin manyan duwatsu, gidajen ƙasa da zane a goshin zaure. Nan fadar Sarkin Damagaram take, da dogarai a ƙofa. Ganuwar da Sarki Tanimun ya kewaye garin da ita, yau sai guntaye. Har 1926 garin nan ne babban birnin ƙasa, kafin Nasara su maida shi Yamai.

Washegari muka ratsa Zango, masaukin ayari na da. Raƙuman Agadas ta Damargu suke biyowa, su ɗauki geronmu da gashin jimina. Ashe da gumin kakanninmu cikin arzikin nan! Geron kuwa, wa ke sussuka shi in ba mata ba?

Amma ginin ƙasa sai da yaɓe. Ruwan sama ya kada tsohon masallacin Birni a watan Satumba na 2024, wasu gidajen ma duk sun tsattsage. Wadda ke son gani, kada ta ce sai baɗi.

A tafi Laraba a kwana, Alhamis ce babbar kasuwa. Goron ɗan rakiya kuma daga aljihu ne, ba daga asusu ba.