Kwana Uku a Magazin Saboda Pijon Baba

Da na sauka Kumasi hutun ƙaramar Sallah, abin da na fara cin karo da shi a ƙofar gidanmu na Aboabo shi ne Pijon Baba, tayoyi sun sace, kaji sun mai da ƙarƙashinta wurin shan inuwa. Shekara shida ke nan ba ta motsa ba, tun rasuwarsa. Peugeot 504 ce mai dogon baya, haɗin Kaduna. Da kuɗin goro ya saye ta, ya tuƙo ta da kansa ta Kwatano da Lome har Zongo.

Da dare Yaya ya ce 'yan gwangwan sun taya, kuma shi ya ga a sayar. Hajiya ba ta musa ba. Cewa kawai ta yi, "A cikinta aka kai dukan 'ya'yana mata ɗakin miji. Saura Auta." Bikin Auta kuwa saura wata guda. Muka yi yarjejeniya da Yaya: in ta tashi kafin biki, ta zauna, in ta ƙi, a kira masu sikeli.

Bakaniken unguwa, wanda a nan ake ce wa fita, ya sa batir, ya wanke kafireta, ya sauya fulogi. Inji ya tashi, amma ko minti goma ba a yi ba ruwa ya fara tsiyaya ta gaba. Ya ce, "Alhaji, famfon ruwa ya mutu. Sai Magazin."

Ga wanda bai san Kumasi ba, Magazin tana Suame, arewa da kasuwar Kejetia. An ce ta samo sunan ne daga ma'ajiyar makamai ta zamanin Turawa, inda masu gyara suka fara taruwa kafin a mai da su nan. In ka haɗa Kofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna a zuciyarka, ka fara kusantar kamanninta. Lungu-lungu ne, ƙasa ta yi baƙi da man inji. Nan masu walda, can masu zubin ƙarfe, gaba masu ƙera bodin manyan motoci. Ga injuna jibge kamar doya a kasuwa. Ko'ina ƙarar guduma, ana ciniki da Tuwi, amma kana yin sallama za ka ji an amsa da Hausa.

Ranar farko na yi wautar baƙo. Na tafi hannu rabbana, sai sunan mota a baki. Wani yaro ya tare ni tun daga bakin titi, ya kai ni wani shago, aka miƙo mini sabon famfo a kwali, an rubuta 504 ɓaro-ɓaro. Na biya ina murna. Da muka kai gida, ramukan kusoshi suka ƙi haɗuwa. Ashe na injin dizal ne, tamu kuwa mai fetur ce. Na koma, mai shago ya nuna mini rasit: kaya in sun fita ba sa dawowa. Yaya bai ce komai ba, kuma shirun nasa ya fi magana ciwo.

Bayan sallar isha'i na ba wani abokin Baba labari a masallaci. Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, wa ya taɓa zuwa sayen takalmi ya bar ƙafarsa a gida? Kwance tsohon ka tafi da shi." Ya kuma kwatanta mini rumfar wani dattijo da ya shekara arba'in yana gyaran Pijo.

Kwana na biyu na same shi zaune kan tsohuwar kujerar mota, yaransa na kiransa Masta. Ya juya famfon a hannu, ya ƙirga ramuka, ya tambaye ni lambar da ke jikin inji. Na ce ban duba ba. Ya sa na kira gida aka ɗauko hotonta aka turo ta WhatsApp. Sannan ya yi mini karatu. Ita 504 ta fito a Faransa a 1968, an kuma fara haɗa Pijo a Kaduna a 1975, aka ci gaba da yin 504 a can shekaru da yawa bayan Turai ta daina. Cikin wannan tsawon lokaci an sa mata injuna iri-iri: akwai mai 1796, akwai mai 1971, akwai na dizal. "Sunan da ke bayan mota na masu kallo ne," in ji shi. "Mai neman kaya, inji yake bi." Tamu mai 1971 ce, kuma irin wannan injin an sa shi a wasu 505 na farko. Ke nan ba sai lallai mun sami gawar 504 ba.

Muka shiga lungun masu yanka motoci. Rumfa ta huɗu aka jawo wani injin 505 daga ƙarƙashin tarkace. Masta ya ɗora tsohon famfonmu kusa da nasa, ya auna, ya juya shi ya kara a kunne ko zai ji gurnani. Kafin in zaro kuɗi ya riƙe hannuna, ya ce wa mai kaya, "In bai hau ba, gobe zai dawo." Sai da aka amsa a gaban shaidu biyu sannan na biya. Kuɗin bai kai na sabon da na yi asara ba.

Kwana na uku ya zo Aboabo da kansa. Fulin da bel ke hawa ya ɗan bambanta, sai ya cire na tsohon ya mayar a kan wannan. Gasket kuwa babu na sayarwa. Ya shimfiɗa takardarsa a kan famfon, ya bi gefe-gefe da ƙaramar guduma har siffar ta fito. Aka ɗaura, aka zuba ruwa, aka tayar. Rabin awa tana aiki, ƙasa a bushe.

Na tambaye shi wa zai gaje shi. Ya nuna yaransa ya ce duk sun fi son motocin da ake duba su da kwamfuta, kuma bai ga laifinsu ba, can abinci yake. Shi ya sa kafin in bar Kumasi na sayi bel biyu da kayan birki na ajiye, na kuma rubuta lambar injin a bangon littafin da Baba ke lissafin goro.

'Yan'uwa masu tsohuwar mota a gida, ko a Kumasi kuke ko Abidjan ko Agege: kada ku yar da abin da kuka kwance, ku riƙe lambar inji, ku yi maganar mayarwa kafin kuɗi su bar hannu, ku nemi tsofaffin masu sana'a tun suna nan.

Ranar kai amarya Yaya ne ya karɓi makulli. Hajiya ta zauna a baya kusa da Auta, ta shafa kujerar ta ce, "Allah ya jiƙan mai ita." Muka ce amin, ya sa giya.