Ɗamarar da ke cikin jikinmu

Yau ba labarin wani muka kawo ba, namu ne.

Bara ciwon baya ya kama mu. Muna zaune gaban makirfo, sai numfashi ya yanke mana tsakiyar sanarwa, in mun tashi kuma sai da dafa tebur. Har wani aboki ya miƙo mana tramol. Muka ƙi, don mun ga samarin da ƙwayar nan ta lalata.

Wani ma'aikacin lafiya ne ya tuna mana karatun da mushe ya yi mana a lakwal. Ƙarƙashin huhu akwai faffaɗar tsoka, diyafiram, wadda ke sauka in mun ja iska. In ta sauka, tsokokin ciki suka riƙe, sai ciki ya yi tauri ya tallabi ƙasusuwa 5 na ƙugu. Ku dubi tayar kabu-kabu: in da iska ta ɗauki buhun gujiya, in ta sace sai ƙarfe ya ci ƙasa. Ashe numfashi da baya abu guda ke riƙe da su!

To, ga abin da ya koya mana. Mu kwanta rigingine bisa tabarma, mu tanƙwashe gwiwa, hannu bisa cibiya. Mu ja iska ta hanci har hannun ya ɗaga, mu sake ta sannu muna ɗan tsuke ciki, sau 10. Sannan mu ɗaga ɗuwawu sama, mu ƙirga 5 ba tare da riƙe numfashi ba, mu sauke. Safe da yamma. Ba dare ɗaya muka ga sauƙi ba, sai da aka yi makonni.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ke fama da ciwon ƙugu. Iyayenmu mata masu daka da jan guga, da manoma masu wuni duƙe da hauya, kun fi mu sanin zafinsa. In za ku ɗauki buhu, ku durƙusa, ku rungumo shi jikinku, ƙafafu su yi aikin.

Amma fa in ciwon ya zo da zazzaɓi, ko ƙafa ta mutu, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, ku bar tabarma ku nufi asibiti ran nan.

Wa ya gwada? Ku faɗa mana. Allah ya ƙara mana lafiya.